Mako Shida Muna Jiran Gida A Jos

Tsakanin Kano da Jos tafiyar awa biyar ce zuwa shida a mota, idan aka bi ta Kwanar Dangora, Tudun Wada, dajin Falgore da Saminaka. Duk da wannan kusanci, da yawa daga cikin ɗaliban da ke karanta wannan shafi sun fi sanin titunan Dubai a waya fiye da Jos. Idan ka tambayi ɗan aji shida na sakandare abin da ya sani game da garin, abu uku zai lissafa maka: sanyi, dankalin Turawa, da rikici. Duk ukun akwai su, sai dai ba su ne kaɗai ba.

Mu uku ne, dukkanmu ɗaliban Jami'ar Bayero, kuma ba kuɗin yawon buɗe ido ne ya kai mu ba, domin ba mu da shi. Gwaggon ɗayanmu ce, wadda ke zaune a Jos tun kafin a haife mu, za ta tafi Fatakwal wajen 'yarta da ta haihu, kuma ba za ta dawo ba sai an yi arba'in. Maigidanta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse wuraren aiki. Ga kaji, ga zomaye, ga ɗan lambu a bayan gida, kuma gidan da aka rufe na mako shida ba ya rasa masu leƙe. Hutunmu ya zo daidai da tafiyarta, sai aka ce mu je mu jira mata gida. Masauki kyauta, buhun shinkafa da ta bari a ɗakin ajiya, da garin da ba mu taɓa takawa ba. Wa zai ƙi?

Amanar da aka bar mana

Kafin mu kai ga duwatsu da ruwa, bari mu fara da abin da ya kai mu, domin wanda aka bar wa gida ba baƙon otal ba ne. Ranar da Gwaggo za ta tafi, ta zaunar da mu da littafi da biro. Aka ƙirga kaji, aka ƙirga zomaye, aka rubuta abin da ya rage a mitar wuta mai kati, aka nuna mana ɗakin da ba a buɗewa. Ɗayanmu ya so ya ji kunya, wai kamar ba a yarda da mu ba. A ganinmu wannan lissafi gata ne ga mai jiran gida. Idan babu rubutu, ranar da kaza ɗaya ta ɓata ba ka da abin da za ka kare kanka da shi sai rantsuwa.

Daga nan ta zagaya da mu gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ga 'ya'yanta nan. Wadda ta fi shiga rayuwarmu ita ce maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Birom, Kirista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Mama muke kiranta. Ita da Gwaggo sun shekara fiye da ashirin suna miƙa wa juna kwanon abinci ta saman katanga, na Sallah ya tsallaka can, na Kirsimeti ya tsallako nan.

Doka biyu muka kafa wa kanmu. Ta farko, gida ba ya zama babu kowa: biyu su fita, ɗaya ya zauna, gobe a yi canji. Idan tafiyar mai nisa ce da kowa ke son zuwa, sai mu ba kaji da zomaye abinci da sassafe, mu kai wa Mama makulli, mu gaya mata inda za mu da lokacin da za mu dawo. Ta biyu ta fi wuya ga ɗan shekara ashirin: babu ɗora hoton gidan ko na layin a Facebook ko TikTok, babu rubuta cewa masu gida sun yi tafiya. Duk hotunan da muka ɗauka a waje ma sai da muka koma Kano muka sake su. Wanda ya sanar da duniya yana bakin ruwa a nisan kilomita sittin, ya sanar da ɓarawo ke nan cewa ƙofa a kulle take.

Sanyin da ke da dalili

Da damina muka je, cikin Yuli da Agusta. A Kano a irin wannan lokaci mutum na iya kwana da fanka. A Jos bargo biyu muke rufa da shi, da asuba kuma sai an ɗora ruwan alwala a wuta. Dalilin yana cikin darasin labarin ƙasa da kuke yi a aji. Jos na zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska na raguwa da kimanin digiri shida. Ku yi lissafin da kanku, za ku ga daga inda bambancin ya fito. Haka kuma iska mai ɗauke da danshi da ke tasowa daga kudu idan ta ci karo da tudun sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa ruwan Jos ke farawa tun Afrilu ya kai Oktoba, kuma wanki kan kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Gidan tarihi

Fitarmu ta farko gidan adana kayan tarihi ne da ke tsakiyar gari, wanda aka buɗe a 1952. Wanda ya kafa shi wani Bature ne mai suna Bernard Fagg, kuma labarin yadda abin ya faro ya fi wasu fina-finai daɗi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu ke kudancin Jihar Kaduna. Ba a ɗauke shi da wani muhimmanci ba. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kan daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya lura cewa salon ƙirar biyun iri ɗaya ne. Daga nan aka shiga bincike, har aka gano cewa mutanen da suka ƙera su sun rayu a wannan yanki fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma sun san narka ƙarfe.

Hoton waɗannan kawuna yana cikin littafin tarihi na kusan kowace makaranta, amma tsayawa a gabansu daban ne. Idanun masu kusurwa uku ne, an huda tsakiyarsu, ga kitso da ado a kai wanda da ka gani ka san mai shi ya ɗauki lokaci a kansa. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, mutanen da ba su bar rubutu ko layi ɗaya ba, da yumɓu kaɗai suka gaya mana yadda suke gyara gashinsu.

A harabar akwai ɗakin tukwane daga sassa daban-daban na Najeriya, akwai tsofaffin littattafan Larabci da aka rubuta da hannu, akwai kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa. Wani siririn layin dogo ne ya taɓa haɗa Zariya da Jos da Bukuru tun kafin 1915, aka daina amfani da shi a 1957. Kuza aka gina shi ya ɗauka.

Amma inda ya fi ba mu mamaki, mu 'yan Kano, shi ne sashen gine-ginen gargajiya. Wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen ƙasa a Najeriya, sannan aka kwaikwayi wasunsu a nan da girmansu. Sai ga mu a gaban badalar Kano a tsakiyar Jos. Ga kuma kwaikwayon tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, da bakan gizonsa na azara da ƙasa. Kullum muna wuce badala a keke idan za mu makaranta, ba mu taɓa tsayawa mun dube ta ba sai da muka zo garin wasu.

Tafkunan da ba Allah ne ya haƙa ba

Duk inda ka nufa a wajen gari, ta Rayfield, ta Bukuru ko hanyar Barikin Ladi, za ka riƙa ganin tafkuna, wasu kore shar, wasu shuɗi, da tsibin jar ƙasa a gefensu. Mun ɗauka halittar wurin ce. Ashe ramukan kuza ne da ruwa ya cika, kuma ɗaruruwa ne.

Kuza na cikin duwatsun tudun Jos. Shekaru aru-aru ruwa na zaizayar dutsen yana tara ta a gindin rafuka. Da yake ta fi yashi nauyi, idan aka wanke ƙasa sai yashin ya tafi, baƙar kuzar ta kwanta. Mutanen yankin sun san ta tun kafin zuwan Turawa. Daga farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka shigo da ƙarfinsu, domin ana shafa ta a jikin gwangwani don kada ya yi tsatsa, ana kuma haɗa dalmar liƙi da ita. Lebura suka yi ta kwarara daga Kano, Katsina, Sakkwato, Barno da kudancin ƙasa. Shi ya sa sunayen wurare da yawa na Hausa ne: Barikin Ladi, Dogon Dutse, Gangare, Farin Gada. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta matsa wa Najeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwaso mutane daga ƙauyukan Arewa a kawo su aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafi aka kawo cikin wannan sanyi babu isasshen abinci, babu sutura, kuma da yawa ba su koma gida ba. Mai yiwuwa akwai kakan wani mai karanta wannan a cikinsu.

Su kuma Birom da sauran 'yan ƙasar gonakinsu ne aka farke. Yau manoma na jan ruwan wasu tafkunan suna noman rani, an kuma mai da na Rayfield wurin shaƙatawa da ake shiga kwalekwale.

Ga gargaɗin da Mama ta yi mana tun ranar farko, muna kuma miƙa shi ga duk makarantar da za ta kawo ɗalibai: "Yarana, ko wa ya ce muku ya iya iyo, kada ku shiga ruwan kuza." Ramin haƙa ba kamar kogi ba ne da zurfinsa ke ƙaruwa a hankali. Taku biyu daga baki sai ka ji babu ƙasa, ruwan ƙasan na da sanyin da ke ɗaure jijiya, gefen kuma laka ce mai santsi da ba ta kamuwa. A shekarun aikinta na asibiti ta ga gawarwakin samarin da aka ciro. A tsaya a baki a ɗauki hoto, ya isa.

Gwate, acca da dankali

Shinkafar Gwaggo ba ta yi saurin ƙarewa ba, domin a mako na biyu kwano ya fara tsallako katanga. Gwate ne ya fara zuwa. Da ka gan shi za ka ce faten tsaki ne irin na Zariya, kuma 'yan uwan juna ne, amma na Mama da acca take yi, ta zuba yakuwa, alayyafo, gauta da wake, wani lokaci da ƙashi mai ɓargo. Ɗan tsamin yakuwa da ɗacin gauta su ne sirrinsa. A safiyar da hazo ya rufe gari, babu shayin da ya kai shi.

Acca ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, ta fi gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tana fitowa a ƙasar da masara ba za ta yi ba, kuma tana nuna da wuri. Wahalarta a gyara take: sai an surfa, an wanke, an rege sau da yawa kafin a raba ta da yashi, shi ya sa ta fi shinkafa tsada a kasuwa. Ana tuwonta, ana kununta, ana dafa ta kamar dambu. Masu ciwon suga da yawa na nemanta. Mama ta koya mana regewa da ƙwarya biyu, aikin da ke buƙatar haƙurin da samari ba su cika samu ba.

Dankalin Turawa kuwa mun zo a kan kakarsa. Daga Bokkos, Mangu da Barikin Ladi ake kawo mafi yawansa, domin shuka ce mai son sanyi, kuma akwai cibiyar binciken irinsa a Kuru. Wanda ake sayar mana ƙwaya-ƙwaya a Kano, a nan da bokiti ake aunawa. Mun ci shi soyayye, mun ci fatensa, mun ci shi da ƙwai har ɗayanmu ya ce idan ya koma gida ba zai ƙara kallonsa ba sai bayan shekara. A kasuwar Farin Gada muka ga inda kabeji, karas, koren wake, latas da kokwamba ke tashi a manyan motoci zuwa Abuja da kudu. Mun nemi sitiroberi da ake nomawa a wajen Vom, aka ce mu dawo da hunturu, ba lokacinsa ba ne. Masa da miyar taushe kuwa duk safiya akwai ta a bakin layi.

Shawara ga mai ƙaramin aljihu: ku ci a gida kafin ku fita, ku ɗauki ruwa da ɗan guzuri. Kuɗin mota ne ya fi cin aljihunmu, ba abinci ba.

Hanyar Akwanga

Tafiya mafi nisa da muka yi ita ce ta magangarar ruwan Assop, kimanin kilomita 60 daga Jos a kan hanyar Abuja. A hanya za ka wuce Dutsen Riyom, manyan duwatsu da ke ɗore a kan juna kamar wani ya jera su da hannu, kamar iska kaɗan za ta ture su, amma suna nan. Wasu na cewa siffarsu ta yi kama da taswirar Jihar Filato. Mun karkata kai hagu da dama, biyu suka ce sun gani, ɗaya ya ce son kai ne kawai. A ƙauyukan gefen hanya muka ga gidaje da gonaki da aka kewaye da ƙerana maimakon danga, shinge mai ƙaya da ba ya buƙatar gyara.

Daga nan sai Hawan Kibo, inda tudun Jos ke ƙarewa hanya ta gangara. Kunnuwanka za su toshe, iska ta canza, cikin 'yan mintuna ka cire rigar sanyi. Gangara ce da ta yi suna wajen haɗarin manyan motoci, saboda haka ba wurin da za ka ce wa direba ya yi sauri ba ne. Ruwan Assop daga wannan gangarar yake zubowa, ta kan baƙaƙen duwatsu, cikin bishiyoyi masu duhu. Da damina ƙararsa ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai. Duwatsun bakinsa na da santsi, takalmin roba mai kama ƙasa ya fi silifa.

Tsaunukan Shere da ke gabashin gari su ne mafi tsayi a tudun, ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,800. A gindinsu akwai cibiyar horar da matasa shugabanci, inda 'yan ƙungiyar Man O' War ke zuwa atisaye. Mun hau rabi tare da wani ɗan unguwa da ya san hanya, hadari ya haɗo, ya ce a sauka, muka sauka. Gandun namun daji da aka kafa a 1972 shi ma mun leƙa shi rabin yini. Masu son ƙwallo kuma su sani cewa a wannan gari aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, kuma duk filin da ka wuce da yamma cike yake da yara masu mafarkin bin sawunsu.

Maganar tsaro

Iyayenmu sun yi jinkiri kafin su bar mu mu tafi, kuma suna da hujja. An yi munanan rikice-rikice a Jos a 2001, 2008 da 2010, an rasa rayuka masu yawa daga kowane ɓangare. Tabon yana nan: akwai unguwannin da kusan Musulmi ne zalla, akwai na Kirista zalla, alhali da a cakuɗe suke. A 'yan shekarun nan ma an kai hare-hare a ƙauyukan Mangu da Bokkos. Mun so zuwa Bokkos mu ga gonakin dankali, Mama da limamin masallacin layinmu duk suka ce mu bari, muka bari. Idan mutum biyu da ba su haɗa wurin ibada ba suka ba ka shawara iri ɗaya, ba ka buƙatar ta uku.

Abin da muka riƙe shi ne fita da safe, dawowa kafin magariba, katin makaranta a aljihu, waya da caji, da tambayar 'yan gari kafin a nufi inda ba a sani ba. Ba ma shiga gardamar siyasa ko addini a mota. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, Birom, Anaguta, Afizere, Angas, Tarok da Ibo duk da ita suke ciniki, don haka ba ka ɓata. Amma jin Hausa a bakin mutum ba ya nufin Bahaushe ne, kuma ba kowa ke son a ɗauke shi haka ba. Mun koyi gaisuwar safe da Birom daga wajen Mama, kuma duk tsohuwar da muka gaisar da ita a kasuwa sai ta yi dariya ta ƙara mana gyara.

Gwaggo ta dawo kwana biyu bayan arba'in. Aka ɗauko littafi aka sake ƙirga: kaji sun cika, zomaye sun ƙaru da biyar domin ɗaya ta haihu, yakuwar lambu ta kai ƙugu. Dutsen Wase da magangarar ruwan Kurra, inda ake samar da lantarki tun zamanin Turawan kuza, ba mu kai gare su ba. Wase ta yi nisan da ba a zuwa a dawo a yini ɗaya, mai jiran gida kuwa ba ya kwana a waje.